Na yi wa kare ƙwal-kwabo saboda zafi, yanzu gashin ya dawo kamar audugar rimi

Maigadin Bompai: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi min afuwa idan wani ya ga maganar ba ta nan ba ce, tunda na lura yawanci hirar kaji da tumaki da tantabaru ake yi. Shekara shida ina aiki a gidan wani Bature a Bompai. Bara da aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bar min karensa, wanda ya karɓi gidan kuma ya ce a bar shi ya ci gaba da taya ni gadi. A katin allurarsa an rubuta Schnauzer. Tsayinsa iya gwiwata, yana da gemu da gira kamar wani dattijo, gashin bayansa kuwa kaushi gare shi kamar soson waya na wanke tukunya, launinsa irin na zabuwa.

A watan Afrilu da zafin nan ya taso, sai na ga kare ba ya komai sai haki, harshe a waje, ya haƙa rami a gindin mangwaro ya kwanta. Tausayi ya kama ni. Na samo kilifa na yi masa ƙwal-kwabo tun daga wuya har wutsiya, gemun kawai na bari. Kwana uku ba a yi ba bayansa ya yi jajur, ƙuraje suka feso, ya dinga goga jiki da bango. Yanzu wata biyar ke nan. Gashi ya fito, amma ba wancan ba ne. Laushi tuɓus, launin ya koɗe ya koma toka-toka, yana cukurkuɗewa, ƙasa da ciyawa duk suna maƙalewa. Ga kaska. Me na ɓata, kuma yana gyaruwa?

Wanzamin Fagge: Wa alaikumus salam. Malam maigadi, kafin a kai ga shawara, faɗa mana kilifar wane shago ka ara, mu san inda za mu daina kai kawunanmu.

Maigadin Bompai: Wanzam kwantar da hankalinka, tsohuwa ce da mai ita ya jingine, na saya na riƙe.

Baba Mafarauci: Kare da gemu! Duniya kenan. Ni fiye da shekara talatin ina fita daji da karnuka, ban taɓa riƙe mataji don kare ba. Namu na gida gashinsu kwance yake kamar na akuya, ruwa ya taɓa su su girgije shi ke nan. Yaro, shafa masa baƙin mai a wurin ƙurajen. Kaska kuma ka ɗiga fiya-fiya a bokitin ruwa ka wanke shi da shi, gobe ba za ka ga ko ɗaya ba.

Likitar Dabbobi: Baba, da girmanka, amma a nan sai na ja da kai. Malam maigadi, don Allah kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun nan. Baƙin mai dattin inji ne, yana ƙona fata, kuma kare lasar jikinsa yake yi, duk abin da ka shafa masa ka ɗauka ka zuba masa a baki ne. Fiya-fiya kuwa guba ce da take ratsa fata ta shiga jini. Mun sha ganin an kawo kare yana dalalar da miyau, jiki na karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, idan ka bincika sai a ce wankan kaska aka yi masa da safe. Wani a ceto shi, wani ba a kai ga haka. Kai kanka mai wankan hannunka yana sha.

Sai maganar gashi. Irin wannan kare gashi biyu gare shi. Akwai na ciki, gajere mai laushi, manne da fata. Akwai na waje, mai kauri da tauri, shi ne kake ji kamar soson waya. Na wajen shi ne rigarsa: ruwa na zamewa a kansa, ƙura ba ta kama shi sosai, rana ba ta kai wa fata. Launin zabuwar nan da ka faɗa ma a jikinsa yake, don kowane silin gashi hawa-hawa ne, fari da baƙi. Abin da ya bambanta shi da karnukan Baba shi ne, idan silin ya gama girma ya mutu, ba ya saurin zubowa da kansa, sai ya tsaya a ƙofar gashi yana jiran abin da zai fizge shi. A can inda aka samo jinsin, ƙaya da sarƙaƙiya su suke wannan aikin, daga baya mutane suka koma yi da hannu. Kilifa ta yanke kan gashin ta bar mataccen gindinsa a ciki, sabon mai ƙarfi bai samu hanya da kyau ba, na cikin mai laushi ya samu fili ya mamaye. Jan da bayansa ya yi kuma rana ce ta ƙona shi. Fatar da ba ta taɓa ganin rana ba ka buɗe ta a Afrilun Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Baba Mafarauci: To Likita, na ji. Mu dai abin da muka tarar kenan. Amma gaskiya akwai wata karyata da na rasa bayan irin wankan nan, shekarun baya. Na ɗauka maciji ne.

Antin Sabon Gari: Barkanku da yamma. Ni sana'ata ce wannan, wanka da gyaran karnuka nake yi gida-gida, Nassarawa, Bompai, Hotoro, duk inda aka kira ni. Yawancin abin da nake samu manyan karnukan gadi ne irin su alseshan da kokeshiyan da 'yan ƙananan nan masu dogon gashi. Masu gashin waya ba su da yawa a garin nan, waɗanda suka taɓa shiga hannuna ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kusan duk an riga an yi musu abin da ɗan'uwana maigadi ya yi. Kada ka damu, aski ɗaya ne, yana dawowa. Wanda aka shekara biyar ana yi wa kilifa shi ne sai dai haƙuri.

Tsigewa ake yi. Ka ɗora shi a kan benci ko tebur da safe kafin rana ta yi, ka shimfiɗa buhu don kada ƙafarsa ta zame. Kada ka yi masa wanka kafin nan, gashi mai tsabta santsi yake yi, yatsa ba ya kama shi. Ka daka allin makaranta ka barbaɗa a wurin da za ka fara. Da hannun hagu ka danne fatar ta miƙe, da babban yatsa da manuni na dama ka kama sili kaɗan, biyar zuwa goma, waɗanda suka fi sauran tsawo, ka ja su ta inda gashi ya kwanta, wato daga kai zuwa wutsiya. Kada ka murɗa wuyan hannu, kada ka ja sama. Idan gashin ya nuna, zai biyo ka salin-alin, kare ko waiwayowa ba zai yi ba. Idan ka ji yana turjewa, ko kare ya zabura, bai nuna ba, ka bar shi sai wani mako. Ni ina sa 'yar robar yatsa irin ta masu ƙirga kuɗi a banki. Akwai kuma wata 'yar wuƙa mai haƙora da aka yi don aikin, amma dakusasshiya ake so, mai kaifi yankewa take yi, ka koma gidan jiya.

Naka da yake na cikin ne ya yi yawa, aikin farko shi ne rage shi. Mataji na ƙarfe mai ƙananan haƙora, ka kwantar da shi a jikin fata kana ja a hankali, za ka ga audugar tana taruwa. Dutsen goge kaushin ƙafa ma yana yi, ka riƙa shafa shi a gadon baya. Minti goma sha biyar kullum ya fi ka zaunar da shi awa uku rana ɗaya.

Injiniyan Hotoro: Ku tsaya tukuna. Wato kare mai rai za a ɗora a tebur a fige kamar kazar suna? Ni wannan ban ga tausayi a cikinsa ba. Turawa ne suka ƙirƙiro abinsu don gasar nuna karnuka, mu me ya haɗa mu? Karen gadi ne, ba zaɓen sarauniyar kyau zai je ba. In ya yi haushi da dare ai ya biya kuɗin abincinsa, ko da launin toka ko da na zabuwa.

Antin Sabon Gari: Injiniya, kaza gashinta mai rai ake figewa, shi ya sa sai an yanka ta an zuba ruwan zafi. Wannan mataccen gashi ne, kamar wanda yake fita a matajin mace ranar tsifa. Akwai wani da nake yi wa a Nassarawa, barci yake yi a hannuna, har da minshari.

Injiniyan Hotoro: Barci ko dai suma, Anti?

Likitar Dabbobi: Injiniya yana da rabin gaskiya, kada mu ƙwace masa. A Turai ma yawancin masu riƙon wannan jinsi a gida kilifa suke sa wa, kuma karnukan na rayuwarsu lafiya. Ba laifi ba ne. Amma ba gasa ce ta fara kawo gashin ba. Shinawza, wato Schnauzer ɗin da aka rubuta a katinsa, daga kudancin Jamus ya fito, karen gona ne da bargar dawaki, aikinsa kashe ɓeraye da tsaron keken kaya a hanyar kasuwa. 'Yan'uwansa na Ingila, su teriya, rami suke shiga bin yanyawa, babbansu Airedale har aike sojojin Birtaniya suka riƙa ba shi a yaƙin duniya na farko. Gashi mai tauri kayan aiki ne gare su. Abin da nake ƙi shi ne a kankare har fata da sunan maganin zafi. Kare ba ya gumi ta jiki kamar mu, ɗan abin da yake yi ta tafin ƙafa ne, sauran duk ta haki yake fitar da zafi. Wanda ba shi da lokacin tsiga, ya sa wa kilifa takalmi ya yi saisaye, ya bar tsawon gaɓar yatsa, kuma ya riƙa taje na cikin. Abin da yake riƙe zafi shi ne mataccen gashin ciki da ya cushe, iska ba ta ratsawa.

Ɗalibin Ilimi: Ni abin da ya ɗaure min kai daban ne. Musulmi ya zauna yana taje gemun kare da hannunsa, sannan ya tashi ya yi alwala? Kare fa najasa ne, kuma an ce ladan mai ajiye shi raguwa yake kullum.

Malam na Ƙofar Mata: Ɗana, a yi a hankali da yanke hukunci. Hadisin raguwar lada ya inganta, amma a cikinsa aka togace karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin tsaron gida a kansu idan akwai buƙata ta gaske. Batun najasa kuwa saɓani ne. A wurin Shafi'iyya haka ne, najasa ce mai kauri. A mazhabar Imamu Malik da muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki kuma bin umarni ne, ba don jikinsa ƙazanta ba ne. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren mafarauci ya kamo, da baki kuwa yake kamowa. Wanda ya zaɓi ya nisance shi bai yi laifi ba. Amma wanda dabba ta zama a hannunsa, za a tambaye shi ci da shanta da ciwonta. Ya ware masa mazubinsa, ya hana shi shiga ɗaki da wurin salla, ya wanke hannu in ya gama.

Ɗalibin Ilimi: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma ni dai ba zan taje ba.

Shugaban Zaure: Ba wanda ya miƙa maka mataji. A dawo kan tambaya don Allah, mutum ya ce ga kaska ba a ba shi amsa ba.

Likitar Dabbobi: Kaskar kare ba a jikin kare take zama ba, nan ne mutane suke kuskure. Ta sha jini ta ƙoshi, sai ta faɗo ta hau bango ta shige tsaga, mace ɗaya ta zuba ƙwai dubbai. Ka wanke kare fes, ya koma ɗakinsa, kwana biyu sun sake hawa. Sai an haɗa biyu: maganin jikinsa, da feshin ɗakinsa da tsagogin bango bayan an fitar da shi, sannan a liƙe tsagogin da siminti. Maganin jiki akwai na ɗigawa a ƙeya, akwai ƙwaya ta haɗiya, akwai na wanka, na ɗigawa da na haɗiya da nauyin kare ake auna su, don haka ka kai shi asibitin dabbobi a ɗora shi a sikeli, kada mai kemis ya ƙiyasta maka da ido. Wadda ka gani ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a miƙe. Duba cikin kunne, tsakanin yatsu, hammata, da ƙarƙashin gemun nan. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi: in ja ne garau alhamdu lillahi, in ya yi fari, ko ya daina cin abinci, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, kaska ta sa masa ciwon jini, ranar za ka kai shi.

Ƙurajen kuma ina so a gan su da ido. Zai iya zama toshewar ƙofofin gashi, wannan jinsi na da halin haka a gadon baya, zai iya zama kirci. Sai an kankari fata an duba. Kada Anti ta tsige inda yake da ƙurji sai ya warke.

Maigadin Bompai: Likita, akwai guda biyu a cikinsa da ba su yi kama da sauran ba. Sun kumbura kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, jiya na ga kamar abu na motsi a ciki.

Baba Mafarauci: Tsutsa ce. Wannan kam na san ta, ko Likita ba za ta ja da ni ba. Damina take yawa. Toshe ramin da basilin, numfashi zai gagare ta ta leƙo, ka matsa gefe da gefe ta faɗo, fara ƙatuwa kamar ƙwayar shinkafar da ta sha ruwa.

Likitar Dabbobi: Wannan karon na sara maka, Baba. Wani ƙuda ne yake yin ƙwai a busasshen rairayi mai inuwa inda aka yi fitsari. Ramin gindin mangwaron nan da yake kwanciya shi ne abin zargi. A matsa a hankali kada ta fashe a ciki, a wanke wurin. A yi masa ɗan dandamalin katako ko daɓen siminti a inuwa.

Maman 'Yan Biyu: Ni ba ni da kare, tsoronsu ma nake ji, amma na biyo hirar tun farko. Anti, yaya ake yi da karangiya? Tunkiyata ma fama nake.

Antin Sabon Gari: Hajiya, karangiya ita ce babbar abokiyar gabata daga yanzu har kaka ta wuce. A bayan da yake da taurinsa ba ta kamawa sosai, ka kaɗe ta faɗi. A ƙafafu da gemu take yin gida, don gashin wurin ya fi laushi. Ki shafa ɗan man gyaɗa a dunƙulen, ki riƙe gindin gashin da yatsu don kada ki ja fata, ki warware daga baki kina shiga ciki. Wanda ya riga ya zama dunƙulen dawo, a tsaga shi da almakashi ta tsawo, amma mataji ya shiga tsakaninsa da fata tukuna. Na taɓa yanke kunnen karen mutane saboda gaggawa, jinin kunne kuwa ba ya jin rarrashi, ranar ban karɓi ko kwabo ba.

Ɗan'uwa maigadi, gemun nan kullum ka goge shi da tsumma mai ɗumi bayan ya ci abinci, in ba haka ba tuwo da miya za su bushe a ciki ya yi tsami. Gemu da ƙafa a wanke duk mako. Jiki gaba ɗaya kuwa sau ɗaya a wata ya isa, yawan wanka laushi yake sa gashin. Ban da omo, ban da sabulun wanki. Kuma in ka yi tsiga mai yawa ka bar shi kwana biyu uku kafin ruwa ya taɓa shi, ƙofofin gashi a buɗe suke. Ciki da ƙarƙashin wutsiya ba a tsigewa, akwai zafi, almakashi ake sa wa. Da hunturu in buji ya taso, buroshi kawai, ƙurar za ta fita.

Wanzamin Fagge: Wato Anti, kare ya fi ni samun gata. Ni gemuna ba mai goge min da tsumma mai ɗumi.

Likitar Dabbobi: Abu ɗaya kafin na tafi. Malam maigadi, duba katin nan ka ga yaushe aka yi masa allurar haukan kare ta ƙarshe. In tun zamanin Baturen ne, ta wuce lokaci, a nan duk shekara muke sabuntawa. Kai da za ka riƙa sa hannu kusa da bakinsa kullum, ka fi kowa buƙatarta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar, kuma 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, ka saurara ko za a yi rigakafi kusa da ku. Duk wanda kare ya ciza, ko na gida ne, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Ciwon nan in ya bayyana ba ya da magani.

Maigadin Bompai: 'Yan zaure, na dawo da bayani bayan sati uku. Na kai shi asibiti, kilo 17 ya yi, an yi allura, an ba da na ɗigawa a ƙeya, ƙurajen an ce ba kirci ba ne. Tsutsa uku na fitar, ba biyu ba, ta ukun a hammata take. Na cike ramin mangwaro, shi kuma ya koma gefe ya haƙa sabo, har yanzu muna kai ruwa rana a kan wannan. Audugar da na taje ta cika ledar burodi biyu. Ranar farko da na ɗora shi a benci ya yi min gurnani, sai na riƙa ba shi ɗan ƙashi yana gwagwiya, yanzu da ya ga alli da kansa yake hawa. Jiya na shafa kafaɗarsa sama, na ji wasu gajeru suna sukar tafin hannu kamar gemun kwana uku, baƙi da fari. Wajen kwankwaso kuwa har yanzu auduga ce. Anti, nan ɗin in ci gaba da dutse ne ko in fara kamawa da yatsa?

Antin Sabon Gari: Ci gaba da dutse, kwankwaso shi yake zuwa ƙarshe. Waɗanda suka fito a kafaɗa kada ka taɓa su sai sun yi wata huɗu ko biyar. Ɗauko min hoton wurin da rana, ba da fitilar waya ba.

Wanzamin Fagge: Tunda kilifar ta zama ba ta da aiki, nawa za ka sayar? Akwai wani ɗan bashi da yake zuwa min aski duk Juma'a.